Matacin Gahawar Surukina

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi a Alƙahira, wasu na manta su sarai, wasu sai an tuna mini. Amma akwai wata safiyar Laraba da ba na jin ko gigin tsufa zai fitar mini da ita daga rai. Ita ce safiyar da na durƙusa a ƙofar ɗakin surukina da faranti a hannu, zan faɗa masa cewa na ɓata masa abin da ya fi so a cikin kayansa duka.

Lokacin shekarata biyu da aure. Maigidana yana karatun digiri na uku a fannin Hadisi, muna zaune a unguwar Hayyus Sabi'i, hawa na huɗu, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu da falo. Kicin ɗinmu kuwa in mutum biyu suka shiga sai sun yi ta ba juna haƙuri kafin ɗaya ya juya. Ni kuma, in faɗi gaskiya, ina ji da kaina a wajen tsafta. Mahaifiyata ta raine mu a kan cewa daga bayan tukunya ake gane mace, don haka ba na barci da cokali ɗaya a wurin wanke-wanke. Matan ɗalibai in sun zo gidana sukan ce ko ƙuda ne ya shigo sai ya cire takalmi. Nakan yi kamar ban ji ba, alhali kaina kumbura yake yi.

Ana haka aka ce mahaifin maigidana zai zo a yi masa aikin gwiwa. Ciwon ya daɗe yana cinsa, har sallah ta koma a zaune. Baba tsohon ma'aikacin ofishin jakadanci ne, a sashen takardu ya yi aiki har ya yi ritaya, kuma a cikin yawon aikin nan ya taɓa zama a Japan shekara huɗu tare da matarsa, Hajiya, wadda ta rasu shekara guda kafin aurenmu. Ni ban san ta ba sai a hoto. Shi kansa Baban sau biyu kawai na taɓa durƙusawa a gabansa, duk a lokacin biki, kuma ban ɗaga kai na ga fuskarsa da kyau ba.

A gida surukuta tana da sauƙi, domin akwai fili. Suruki yana zaure ko sashensa, ke kina cikin gida, in kin hango shi ki kauce. To a nan ina za ki kauce? Lungun da ya haɗa ɗakunanmu da banɗaki taku uku ne. Ga shi maigidana ɗan fari ne, Baba ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "Malam ƙarami". Shi ma Malam ƙaramin in zai yi wa mahaifinsa magana ƙasa yake kallo. Sai muka zama mutum uku a gida ɗaya kowa yana jin kunyar kowa. Na koyi gane takun sandar Baba, da na ji ƙwas-ƙwas sai in faɗa ɗakin da ya fi kusa da ni. Wata rana har banɗaki na shige, ashe can ya nufa, muka yi ta tsayuwa, shi a waje yana jira cikin haƙuri, ni a ciki ina addu'ar ƙasa ta tsage.

Kwana biyu da zuwansa suka je asibiti shi da maigidana, likita ya ce jinin Baba ya yi ƙasa, ba za a taɓa gwiwar ba sai ya hau. Aka ba shi magani, aka ce ya dage da cin abinci, bayan mako biyu a sake gwadawa. In bai hau ba za a ɗage aikin, wato ya koma gida da ciwonsa. Matsalar ita ce Baba ba maciyi ba ne. Maigidana ya ce tun rasuwar Hajiya ya zama haka, sai an yi da gaske yake cin loma biyar. Abu ɗaya ne yake buɗe masa ciki, gahawar safe. In ya sha kofinsa ɗaya, wanda likita ya ce ba laifi, sai ya ɗan ci wake da gurasa, da rana ma ya taɓa abin da aka kawo.

Gahawar nan kuwa shi yake haɗa abinsa. Bayan sallar asuba, in gari ya fara haske, sai in ji ƙwas-ƙwas ya nufi kicin. Surukina, a kicin ɗina, yana kunna wuta da hannunsa, ni ina ɗaki a zaune lafiyata ƙalau. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Da labarin ya je kunnen mahaifiyata, da ta waya ma sai ta ja mini kunne.

Ta tsagar ƙofa na fara ganin abin da yake amfani da shi. Daga cikin wani tsohon ɗankwali mai ruwan ƙasa yake kwance shi. Wani ɗan kasko ne na yumɓu, bai fi cikin tafin hannu biyu ba, bakinsa da faɗi, gindinsa a tsuke, baƙi-baƙi, jikinsa da kaushi irin na dutsen niƙa. Yana da wani zoben tangaran da ake ɗora shi a kai a bisa kofi. Da Baba ya fita na ɗauka na duba ta hasken taga, ban ga huda ko ɗaya ba. Amma in ya zuba garin gahawa ya bi da ruwan zafi a hankali, sai ka ga gahawar tana tsattsafowa ta jikin yumɓun tana ɗiga a kofi, yadda sabuwar randa take gumi. Mataci ne, amma ban taɓa ganin irinsa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake wanke shi. Ya juye tukar gahawar, ya ɗauraye da ruwan zafi, ya kife a bakin taga, shi ke nan. Babu sabulu, babu soso. Na shinshina cikinsa na ji tsohon ƙamshin gahawa ya kama shi, sai tausayi ya kama ni. Na ce a raina, Allah sarki, rashin mace a gida, tun da Hajiya ta rasu abin nan bai ga wanki ba. Na tambayi maigidana yadda ake kula da shi, ya ce shi ina zai sani, lokacin da iyayensa suka tafi Japan a hannun kakarsa aka bar shi, kuma a can ya girma. Ya ce in ina son sani in tambayi mai abin. Na dube shi na ce ni ce zan je in tsaya gaban Baba ina yi masa tambaya kamar wata 'yar jarida? Ya yi dariya ya koma kan littafinsa.

Ranar Asabar suka tafi ganin likitan ƙashi, na samu gidan ni kaɗai, na ɗaura ɗamara. Na cika roba da ruwan ɗumi, na tsiyaya sabulun wanke-wanke mai ƙamshin lemon tsami ba ƙyashi, na jiƙa matacin ya yi wajen awa guda. Na sa soso na dirje shi ciki da waje, na ɗauraye, na sake dirzawa. Baƙin bai fita ba, na ce to halittarsa ce. Da na kife shi ya sha iska, sai wata dabara ta zo mini, wadda a lokacin na ɗauka ita ce ƙarshen iya zama da miji. Yumɓu ne ai, ɗan'uwan randa. A gidanmu kuwa ba a zuba ruwa a randar da aka wanke sai an turara ta. Ina da kajijin da mahaifiyata ta ƙullo mini tun daga gida. Na hura gawayi a kaskon turare, na barbaɗa kajiji, na ƙara da ɗan turaren wuta don abin ya yi armashi, na kife matacin Baba a kai har sai da hayaƙi ya riƙa fita ta jikinsa. Ina kallo ina murmushi.

Ban tsaya nan ba. Na ga gwangwanin gahawar da Baba ya zo da shi ya kusa ƙarewa, kuma garin ciki ɓarzajje ne, kamar wanda aka niƙa da gaggawa. Na sauka shagon mai niƙa gahawa da ke bakin titinmu, na ce masa da guntun Larabcina ina son wadda ta fi kowace kyau, ta dattijo ce. Ya ce tamam, wato an gama, ya auno mini wadda Misirawa suke dafawa a ɗan tukunyarsu mai dogon hannu, an niƙe ta lukwi kamar hoda, an haɗa da habbahan, wani kayan ƙamshi da suke so a gahawa. Na tura gwangwanin Baba can bayan kanta, na ajiye tawa a gaba.

Da suka dawo na aiki maigidana ya faɗa wa Baba cewa daga gobe ya huta, ni zan riƙa haɗa masa gahawar, kada ya wahalar da ƙafarsa. Ina laɓe ina saurare. Baba ya ce to, Allah ya yi albarka.

Washegari na haɗa. Na lura ɗigar ba ta da saurin da na saba gani, kuma akwai 'yar kumfa a gefen kofin, amma na ce sabon wanki ne. Ni ba mai shan gahawa ba ce a lokacin, shayi na sani, don haka ko a harshe ban ɗanɗana ba. Na ɗora a faranti, na yi sallama, na durƙusa na miƙa da hannu biyu. Ta gefen ido na ga ya kurɓa, ya tsaya da kofin a bakinsa, ya daɗe bai sauke ba. Sannan ya shanye tas, ya miƙo mini kofin ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu yi mini. Na fito kamar in taka rawa.

Wake da gurasar da na kai bayan nan suka dawo yadda suka tafi. Da rana na yi shinkafa da miyar kaza, ya ci cokali uku. Ranar Litinin na ce ƙila abincin gida yake marmari, na tuƙa tuwo, na kaɗa miyar kuka da daddawar da nake ta adanawa, wadda ko maigidana ba na sa wa sai ranar Juma'a. Kwanon ya dawo an ɗan gutsiri gefe. Ranar Talata na yi faten doya, haka. Kullum kuma da safe zai shanye gahawar nan tas ya sa mini albarka. Na zargi gishirina, na zargi man Misirawa, na zargi maganin likita, har na fara zargin ko hannuna ne bai yi masa ba. Maigidana ya shiga damuwa, yana lissafin kwanakin da suka rage a sake gwajin jini. Fuskar Baba kuwa ta faɗa, sandar ma sai a hankali nake jin ta.

Ɗigar gahawar kullum ƙara jinkiri take. Ranar Laraba, bayan maigidana ya fita da wuri zuwa jami'a, na zuba ruwa a matacin sai ya tsaya cak. Na jira, na jijjiga, na sa cokali na motsa, sai ɗigo ɗaya, can kuma wani. Bayan kusan minti ashirin abin da ya taru a kofin bai fi cokali huɗu ba. Ban san abin da ya sa ba, sai na ɗauka na kurɓa.

Ban iya haɗiyewa ba. Sabulu ne zalla, da ɗacin hayaƙi, da wani maiƙo mai kama harshe. Na tofar, na kuskure baki sau uku, ɗanɗanon bai tafi ba. A nan tsaye na gane komai. Kwana uku dattijon nan yana shan wannan abin har ƙasan kofi yana sa mini albarka, kuma ni da hannuna na toshe masa ƙofa ɗaya da abinci yake bi ya shiga cikinsa. Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na ɗauko waya na yi ta lalube har na ga irin matacin. Da hannu ake gina shi a Japan, jikinsa duk ƙananan ƙofofi ne da ido ba ya gani, kuma gargaɗin farko da na ci karo da shi shi ne kada sabulu ya taɓa shi, domin shanyewa yake. Na biyu, kada a sa masa gari mai laushi, toshe shi yake. Turare kuwa ba su ma ambata ba, don ba su taɓa zaton akwai wadda za ta yi ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka mai isata.

Shaiɗan bai bar ni haka ba. Ya ce ki dafa masa irin ta Misirawa ki tace da tsumma, ki ce matacin ne ya gaji don kansa, tsohon abu ne ai. Na kusa ɗauka. Abin da ya hana ni shi ne ɗankwalin nan da ke ninke a kan kanta. Ba sai an faɗa mini ba, na san ɗankwalin mace ne, na kuma san ko wace ce. Na ɗora matacin a faranti da ruwansa tsaye a ciki, na nufi ɗakin Baba.

Yana zaune a bakin gado da carbi. Na durƙusa daga ƙofa na ce, "Baba, na yi laifi."

Wannan ce magana ta farko da na taɓa yi masa wadda ba gaisuwa ba. Ya ce in ajiye farantin tukuna. Na ajiye, na faɗa masa komai kaina a ƙasa, tun daga jiƙon har turaren har garin mai shago, ban rage ko ɗaya ba. Ya miƙo hannu ya ɗauki matacin, ya juye ruwan a kofi, ya kai hancinsa. Sai na ji wani sauti, na ɗauka kuka ne. Ashe dariya yake, har da tari.

"Mai lemon tsami ne, ko?" ya ce. "Tun kurɓar farko na gane shi."

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba, na ce to me ya sa Baba bai faɗa ba. Ya daina dariyar. Ya ce ya so ya faɗa, kullum da niyyar yake kwana, amma in ya ga na shigo na durƙusa da kofi a hannu biyu sai bakinsa ya yi nauyi. Ya ce sabulun yakan zauna masa a baki har la'asar, shi ya sa komai ya ci sai ya ji kamar yana tauna kumfa, ba laifin girkina ba ne, miyar kukar nan ma har ransa ya so ta. Sannan ya juya matacin a hannunsa ya ce:

"Shekara uku ke nan, 'yata, rabon da wani ya kawo mini gahawa ina zaune. Da wane baki zan ce ki mayar?"

Na sake fashewa da kuka. Ya bar ni na yi, sannan ya ce in share hawaye, abin bai mutu ba, ya dai sha wuya. Ya dogara sandarsa ya ce in kai masa kujera kicin. Na kai, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya ce in shigo, yau babu suruki a gidan nan, malami ne da ɗalibarsa.

Ya sa na cika tukunya da ruwa, na saka matacin tun ruwan yana sanyi, na bar shi ya tafasa. Kumfa ta taso fara fat, na ji kamar in nutse. Muka zubar muka sake, muka kuma sakewa, sai a na uku ruwan ya fita garau. Ya ce in kai shi baranda in kife a rana, kada a taɓa shi sai ya bushe ƙayau, domin yumɓu mai danshi in ya hau wuta fashewa yake. Na ce wuta kuma? Ya ce ai sauran aikin na wuta ne, kuma ba zai ɓoye mini ba, bai taɓa ƙona shi bayan ya sha sabulu da turare ba, tsoho ne kuma, zai iya jurewa, zai iya tsagewa. Wunin ranar ban yi shi cikin natsuwa ba, bini-bini ina leƙa baranda.

Bayan la'asar muka koma kicin. Ya sa na buɗe taga, na kunna gas kaɗan, na kife matacin a kan wutar, sannan na ƙara ta a hankali. Can sai hayaƙi ya fara tashi, da farko mai warin ƙonanniyar gahawa, daga baya sai ga ƙamshin kajijina ya cika kicin. Baba ya lumshe ido. Ya ce ƙamshin nan shi ne rabin abin da ya hana shi magana, domin haka randar gidan su Hajiya take.

A nan, muna kallon hayaƙi, ya ba ni labarin. Hajiya 'yar magina tukwane ce, mahaifiyarta da kakarta duk sana'arsu ke nan, ita ma ta taɓa yumɓu kafin a yi mata aure. A Japan kewa ta dame ta, ba yare, ba dangi, ga ɗanta na fari an baro shi gida. Wani hutu ya kai ta wani gari na magina a kudancin ƙasar, suka shiga rumfar wani tsoho yana aiki, sai ta tsaya ta ƙi tafiya. Ya ce ya fi awa yana jiranta, ita da tsohon ba mai jin yaren wani, amma suna ta nuna wa juna da hannu suna gyaɗa kai. Ta ɗauki matacin nan ta ƙwanƙwasa da farce ta kara a kunne, yadda ake gwada tukunya a kasuwa, tsohon ya yi ta murna ya ga wadda ta san abin. Shi ya nuna mata sabulu ya girgiza kai, ya nuna mata wuta ya gyaɗa. Tun daga ranar ita take haɗa masa gahawa kowace safiya, in ɗigar ta yi nauyi ta ɗora a wuta, tana cewa abin da wuta ta haifa ita ta san wankansa.

Hayaƙin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Baba ya ce in kashe. Ni da rawar kaina, na ga abu ya yi zafi jau, sai na kai hannu ga kofin ruwa zan yayyafa masa. Sandar Baba ta tare mini hannu tun kafin in ɗaga.

"Kul! Bar shi ya huce don kansa."

Shi ne kawai lokacin da na taɓa jin ya ɗaga murya. Muka zauna muna jira, shi a kujera, ni a kan wata 'yar robar fenti da na kife. Matacin yana ta 'yan ƙananan ƙara yana hucewa, duk ƙara ɗaya sai gabana ya faɗi. Don ya ɗauke mini hankali ya riƙa tambayata gidanmu, da karatuna, da yadda nake ji da zaman Misira. Na faɗa masa abin da ko maigidana ban faɗa wa ba, cewa nakan tsaya a baranda in yi kukan kewar mahaifiyata. Ya ce ya sani, ya taɓa zama da mai irin wannan kukan. A haka maigidana ya dawo ya same mu, ya tsaya a ƙofar kicin da jaka a kafaɗa, ya dubi mahaifinsa, ya dube ni, ya rasa wanda zai ji wa kunya.

Sai dab da magariba Baba ya taɓa matacin da bayan hannu ya ce ya yi. Ya miƙo mini ya ce in ƙwanƙwasa, ni ce mai sauran kunne. Ya ce in na ji ƙara a dushe to ya tsage, in kuwa ta fita siririya to mun tsira. Na riƙe shi a tafin hannu na yi bismilla na sa farce. Ƙarar ta fito siririya, tsaf. Na ɗauraye tokar da ruwan ɗumi, na ɗora a zobensa, na zuba ruwa, sai ga shi yana zuba ɗis-ɗis-ɗis ba tsayawa. Baba ya ce alhamdulillahi a hankali, ya juya fuska wajen taga ya daɗe.

Da safe na jawo gwangwaninsa daga bayan kanta, sauran ɓarzajjen garin da na raina. Yana zaune a kujerarsa yana faɗa mini, ɗuma matacin da ruwan zafi tukuna, zuba kaɗan ki jira garin ya kumbura, yanzu zagaya a hankali, kada ki cika. Na miƙa masa da hannu biyu. Ya kurɓa, ya sake kurɓa. Da ya kai rabin kofi sai ya dube ni ya ce:

"'Yata, miyar kukar nan ta ranar Litinin, akwai saura?"

Babu saura, amma ban taɓa kaɗa miya da sauri irin na ranar ba. Ya cinye malmala guda ya nemi ƙari. Daga baya na koma wurin mai shago na ce ya niƙa mini ɓarzajje ba habbahan, ya dube ni da tausayi ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, wannan ai ba gahawa ba ce, amma ya niƙa. Jinin Baba bai kai ba a gwajin farko, likita ya ƙara masa mako guda, a na biyu ya kai. Aka yi aikin lafiya, ya yi wata biyu a wurinmu yana koyon tafiya a lungun nan mai taku uku, kuma ban sake shigewa banɗaki don na ji sandarsa ba.

Ranar da zai koma gida, bayan an sauke jakunkunansa, na shiga kicin na ga ɗankwalin a ƙulle a kan kanta. Na ɗauka na bi shi da gudu har matakala ina cewa Baba ya yi mantuwa. Ya ce bai manta ba. Ya ce da Hajiya tana raye ni za ta ba, shi kuma ya gaji da haɗa wa kansa, in ya so sha ya zo inda ake kawo masa yana zaune. Bai sake zuwa ba. Shekara biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa, yana sallah a tsaye da ƙafafunsa har ƙarshe. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Hajiya.

Matacin yana nan a kicin ɗina, mun dawo gida da shi, kuma yanzu ni ce mai shan gahawar. Wani lokaci in na ɗora shi a wuta nakan ji kamar ƙamshin kajiji, maigidana ya ce hancina ne kawai. Abin da na koya a kansa ban koye shi a wurin kowa ba. Na so Baba da alheri, amma na yi masa alherin da na sani ba wanda yake bukata ba, kuma tambaya ɗaya ce tsakanina da sanin, kunya ta hana ni yin ta. Shi ma kawaici ya hana shi faɗa, har muka kusa jawo a ɗage masa aiki muna ta girmama juna. Kunya abu ce mai kyau, har gobe ina jin ta, amma tun daga ranar ba na gyara wa mutum abinsa sai na tambaye shi yadda yake so, ko da muryata za ta yi rawa. In kuma aka yi mini alherin da yake cutar da ni, nakan yi godiya, sannan in faɗa tun a kofi na farko.